Ɗakin da Akawu Ya Ƙara

A duk faɗin unguwar babu wanda ya san halin magina kamar Akawu. Shi ya faɗa da bakinsa, kuma ba a samu wanda ya musa ba, domin lokacin da ya faɗa shi kaɗai ne a tsakar gidan. Gaskiyar magana, bai taɓa ɗora bulo a kan bulo ba. Gidan da yake ciki a gine ya saye shi, tun yana aiki a ofishin ruwan famfo, inda ya tsufa yana buga hatimi a kan takardun mutane. Da ya yi ritaya aka karɓe hatimin, aka bar masa sunan.

Gidan ciki biyu ne da falo. Ɗaya nasa, ɗaya na marigayiya matarsa, wanda keken ɗinkinta da akwatunanta suka cinye rabinsa. A hutun bara tilon ɗansa ya zo da matarsa da yara uku, da niyyar su daɗe, amma ba su rufa mako ba suka tattara. Surukar ba ta yi ƙorafi ba. Kullum tana yi wa yara shimfiɗa a falo tana cewa, "Ba komai, Baba." Daga yawan wannan ba komai ɗin Akawu ya gane cewa abin da ya shiga tsakaninsa da jikokinsa ɗaki ɗaya ne da banɗaki. Bai tsaya binciken ko akwai wani dalilin ba.

Ya fara da banki. Wani saurayi mai ƙamshin turare ya saurare shi da ladabi, ya tambayi shekarar haihuwarsa, ya yi murmushi, ya ce za a kira shi. Har yau ana shirin kiran. Sai ya karɓi rance a ƙungiyar 'yan fansho, ya kuma sayar da motarsa, wadda ita ce take kai shi ƙarshen gari wurin abokan aikinsa biyu da suka rage. A lissafinsa, wanda gidansa zai cika da yara ba shi da lokacin yawo.

Saura magini. A nan Akawu ya fito da dabararsa. Duk wanda aka turo masa, ba ya tambayarsa ina ya taɓa gini. Zaunar da shi yake yi, ya zuba masa shayi, ya ɗauko labarin yadda ya taɓa gaya wa wani darakta gaskiya a gaban jama'a. Wanda ya duba agogo, ya faɗi. Wanda ya ce "To, Baba, maganar aikin fa?" shi ma ya faɗi. A ganin Akawu, mutumin da ba zai iya jiran ƙarshen labari ba, ba zai jira siminti ya bushe ba.

Wanda ya ci jarrabawar wani ne da ake kira Gobe. Ya saurari labarin har ƙarshe, ya yi dariya a inda ya dace, ya kuma tambayi abin da daraktan ya ce bayan nan. Tun da matar Akawu ta rasu ba a taɓa yi masa wannan tambayar ba. Mai shagon bakin layi ya ce masa, "Baba Akawu, ka tambayi dalilin sunan nan kuwa?" Akawu ya ce mutane ba sa rasa abin faɗa.

Gini ya tashi da sauri har ya kai linta, sannan ya tsaya yana hutawa. Damina ta zo ta same shi a haka. Ciyawa ta fito a kan tarin yashi, rodi ya yi ja. Amma Gobe bai gudu ba, kuma wannan ya kamata a faɗa don adalci. Yakan zo da hantsi, ba lebura ba cebur, ya zauna ya yi bayanin abin da ya hana aiki.

"Baba, kafintan nan ne. Matarsa ta haihu."

"Ba ita ce ta haihu watan jiya ba?"

"Waccan ta mai walda ce, Baba. Kai fa ba ka mantuwa. Shi ya sa daraktan nan ya sha wuya a hannunka."

Akawu ya san ana cin kuɗinsa. Ba yaro ba ne. Sai dai duk ranar da ya shirya faɗa, yakan tarar ya riga ya wanke kofi biyu.

Ɗan ne ya ɓata tsarin. Ya matsa a waya sai an turo masa hoton ginin, da ya gani ya sake bugowa.

"Baba, wannan ɗaki ne ko kango?"

"Ana kan aiki."

"Akwai akuya a ciki, Baba."

"Ta maƙwabta ce."

Cikin mako ɗan ya samo wani ɗan kwangila ta hannun abokin aikinsa, ya biya abin da ya rage, ya kira Gobe ya sallame shi. Sabon mutumin irin wanda kowa yake addu'ar samu ne. Yana zuwa da sassafe da leburorinsa, ya gaida Akawu da kalma biyu, ya auna, ya rubuta, ya nuna rasit ɗin kowane buhu ko ba a tambaye shi ba. Shayi kuwa ya ce ya gode, ya sha a gida. Leburorin da abincinsu suke zuwa, su ci a bayan gini, su koma aiki. Akawu ya jawo kujera kusa da su, ya fara labarin darakta, aka kunna injin yankan tayil.

Da ya ga aiki yana gudu ba ji ba gani, sai ya fara samo gyare-gyare. Ya ce tagar ta yi ƙasa.

"An auna, Baba."

Ya ce ƙofar banɗaki gara ta kalli gabas.

"Za a iya. Yini ɗaya ne."

Aka juya ta kafin la'asar. Akawu bai taɓa ganin mutum mai cika alkawari da rashin tausayi irin wannan ba. Tun kafin ranar da aka yanka, aka yi rufi, aka yi filasta, aka shafa fenti, aka share ko'ina har da tarin yashin. Ɗan kwangilar ya miƙa masa makulli, ya ce in an ga matsala a kira shi. Akawu ya zagaya ɗakin yana neman matsala, bai samu ba.

Ya sayi katifu, ya sa labule, ya ɗauko wa surukar madubin marigayiya ya rataya mata. Da yamma yakan buɗe ɗakin ya kunna fitila ya kashe, don ya tabbatar tana aiki. Mai shago ya shigo ya gani, ya ce ma sha Allah, ya koma shagonsa.

Da aka yi hutu, ɗan ya kira ya ce babbar 'yarsa tana da jarrabawa a gaba, an sa su darasin hutu, uwarsu kuma ba za ta bar su ba. Amma shi aiki zai biyo da shi ta garin, zai kwana. Ya iso bayan magariba, ya shiga ɗakin, ya ƙwanƙwasa bango, ya buɗe famfo ya rufe, ya ce, "Ka gani ko, Baba? Aiki sai masu shi." Sannan ya ɗauko filo ɗaya daga kan sabuwar katifar ya kwana a falo, domin ɗakin yana warin fenti.