Taɓarya Biyu a Hannun Rakiya

Jama'a, mafarkin da na yi jiya ya hana ni sakat, ku taya ni dubawa. Amma bari in fara tona wa kaina asiri. Shekara biyu ke nan ina rubuta littafi a kan wani gari na zamanin da, wanda mayaƙa suka ci da yaƙi suka zauna a cikinsa. A babi na tara akwai matar da ta kai musu tsegumin inda aka ɓoye mutane. Na ba ta tsayin ƙawata Rakiya, na ba ta wushiryarta, har da yadda take tafa hannu in tana dariya. Da gangan na yi. Ita ce ta je ta faɗa wa Yayana na ajiye aikin koyarwa saboda rubutu, gidanmu ya ɗauki wuta. Wata takwas ba ma ga maciji. Ranar Juma'a kuma zan miƙa littafin a buga.

To, a mafarkin sai ga ni a cikin garin nan, da zanen saƙi a jikina. Mayaƙan suna ƙofar gidanmu a tsaye, ba a ganin fuskarsu, maganarsu kamar rediyon da bai kama tasha ba. A cikin rumbu akwai mutum bakwai da muka ɓoye, wata da jariri a goye. Ni da Rakiya muna lugude a tsakar gida, tana jefa taɓarya sama tana tafi, ina cafewa da tawa. Ba wanda ya gaya mini, amma na sani: muddin suna jin taɓarya biyu, sun san mu biyu muna nan, ba za su shigo ba. Wallahi ko ɗar ban ji ba.

Sai kawai katangar bayan gida ta buɗe, ga kogi a wurin da babu kogi. Dole ɗayarmu ta fitar da mutanen. Na ce, "Ke Rakiya, in na tafi wa zai amsa miki?" Hannu kawai ta miƙo ta karɓe taɓaryata. Ɗaya a dama, ɗaya a hagu, ta ci gaba da luguden ita kaɗai, bugu bai canza ba ko kaɗan.

Na sa mutanen a gaba muka shiga ruwa. Ruwan ya kai mini wuya amma zanena bai jiƙe ba. Sai kawai na ga tsallaken kogin ajinmu ne na firamare, duk bakwai ɗin sun zauna a benci. Na ƙirga su sau biyu, sun cika. Har can ina jiyo dakan.

Na koma da gudu. Mayaƙan sun cika tsakar gida, sun zagaye ta, turmin ya tsage, tafin hannunta duk jini, amma ba ta daina ba. Babbansu yana riƙe da takardu yana nuna ta da su. Na duba, rubutun hannuna ne. Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba. Na kira sunanta har sau uku, na ce, "Ni ce, na dawo!" Ko waiwaye ba ta yi ba.

Nan na farka, kafaɗuna suna ciwo kamar ni na yi dakan.

Kada kowa ya wahalar da kansa cewa in cire babin. Na cire shi tun kafin in karya kumallo, kuma zan je gidansu yau ɗin nan, ko za ta rufe mini ƙofa. Ni abu ɗaya nake so masu sani su faɗa mini. Wadda ta tsaya miki har haka a mafarki, amma ta ƙi juyowa ta kalle ki, ta yafe ne, ko kuwa na makara?