Muryar Kaka a Cikin Kwalla

Kakata ta wajen uwa Babarbariya ce, ko da yake a Gaya aka yi mata aure, a nan kuma aka binne ta. Ita ce ta ƙarshe a gidanmu da ke jin Barbarci sosai. Umma, mahaifiyata, gaisuwa kawai ta iya sai ɗan zagi, mu jikoki kuwa ko zagin ba mu samu ba. Akwai wata waƙar reno ta Barbarci da Kaka ke yi wa duk jaririn da aka haifa a gidan, ta ɗora shi a cinya tana jijjigawa. Da ita aka reni Umma, da ita aka rene ni.

Shekarar da jikinta ya fara sanyi na ɗora wa kaina aikin ɗaukar muryarta a waya. Ba ta so.

"Ke dai ba kya rabo da neman magana," in ji ta. "Me za ki yi da muryar tsohuwa?"

Sai na haɗa da farin goro take yarda. A haka na tara waƙoƙi da labarin tahowar iyayenta daga gabas, har da faɗan da take yi da kaji.

Da ta rasu, ana zaman makoki na kunna wa mata kaɗan a ƙuryar ɗaki. Umma ta watso mini harara, wai ba lokacinsa ba ne. Duk da haka matar kawuna da Inna, ƙanwar Umma, suka matsa sai da na tura musu ta bulutut. Na tura abin da ya samu cikin sauri, na manta da zancen.

Bayan wani lokaci wayata ta cika, ko hoto ta daina ɗauka. Na shiga kasuwa na sami wani mai faranti cike da caja da iyafis, ya miƙo mini filashi, ɗan abin ajiyar nan da ake sokawa a kwamfuta, ruwan zinare yana walƙiya. Ya rantse zai ɗauke garin Gaya kaf har da kasuwarta. Arharsa ma ta sa na yi masa godiya. A kwamfutar makarantar da nake koyarwa na juye komai, na ga sunayen sun jeru reras, na goge na wayar hankalina kwance.

Umma ce ta karɓi ajiyar. A gidanmu abu mai daraja ba a yawo da shi. Ta naɗe filashin a ƙyalle, ta sa a kwallar da take ɓoye 'yan kunnenta na aure, ta ɗora can saman kabet. Ko biki aka yi aka sauke kwanuka, wannan kwallar ba mai taɓa ta. Duk muka ɗauka an gama, Kaka tana nan a killace.

Shekaru suka wuce. Na yi aure, na haifi 'yata ta fari, na dawo gida wankan jego. Wata safiya Umma ta ɗora jaririyar a cinya ta fara jijjiga ta, ta ɗauko waƙar. Amon ya zo daidai, kalmomin suka ƙi zuwa. Ta sake farawa, ta sake tsayawa a wuri guda. Na ga fuskarta ta sauya.

"Sauko da kwallar nan," ta ce.

Maigidana ya kawo laftof ɗinsa muka soka filashin. Sunayen suna nan yadda na bar su, amma duk wanda aka danna sai ya ƙi buɗewa. Ya kai wa mai gyaran kwamfuta, ya dawo da bayanin da har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Wai filashin jabu ne, girman da aka rubuta a jikinsa ƙarya ce, cikinsa ɗan mitsitsi ne. In ya cika ba ya cewa ya cika, sai ya yi ta karɓa yana danne na farko. Ɗan abin da ya saura kuma zaman kwalla ya cinye shi, domin irin waɗannan ba sa son doguwar ajiya ba a kunna su.

Umma ta ce haka Allah ya so, ta mayar da murfin kwallarta. Amma na lura ta daina jijjiga jaririyar da waƙa, sai dai ta yi ta bubbuga bayanta shiru. Wannan shirun ne ya hana ni sukuni. Na yi kuka, na yi wa mai farantin nan Allah ya isa har na gaji, sannan na tuna da ranar makoki.

Ina gama arba'in na goya 'yata na ce zan je Kademi wurin matar kawu. Umma ta ce ba a yawo da ɗanyen goyo a kan mashin saboda waƙa. Na ce mata yawon arba'in zan yi, dangi suna da haƙƙin ganin jaririya. Ta san ƙarya nake yi, amma ta ɗaura mini zanen goyon da kanta.

A Kademi matar kawu ta riƙe baki. Memorin wayarta tuni ta ba mai caji ya zuba mata finafinai, shi kuwa ya wanke shi tas kafin ya zuba. Ta ba ni haƙuri, ta haɗa mini da kuka da daddawa. Na dawo gida da ciwon baya.

Saura Inna, wadda ke aure a Ajingi. Na kira ta a waya ba sabis, don haka ranar kasuwa na shiga motar 'yan gyaɗa. Na same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, wata ƙaramar waya ɗaure da kyauro tana gefenta. Da na ga wayar na fara fid da rai, don ba ita ce ta wancan lokacin ba.

"Inna, abin da na tura miki ranar rasuwar Kaka, yana nan?"

"Waƙar? Ai kullum sai na ji ta. Da me kike tsammani nake ɓarar gyaɗar nan?"

Ashe wayoyi da yawa sun mutu a hannunta, amma duk wadda ta fara shure-shure sai ta sa a juye mata kayanta a sabon memori, ta kuma tsaya a kan mai juyewar sai ta ji muryar da kunnenta. Guda ɗaya ce kacal ta shiga wayarta a ranar, sauran ba su gama shiga ba. Labarin tahowa daga gabas ya tafi, faɗan kaji ya tafi. Amma waƙar renon ce.

Kafin in bar Ajingi na tura ta wayata, na tura ta 'yar Inna, na aika wa maigidana da yayyena duka. Tun daga ranar ba na yarda da ajiya guda, kuma duk bayan ɗan lokaci sai na bi kowacce na kunna na ji.

Da la'asar na iso gida. Umma tana kan tabarma, na kwance goyon na miƙa mata, na ajiye wayar kusa da gwiwarta na danna. Muryar Kaka ta cika tsakar gidan, da ɗan tarinta da komai. Umma ta fara bi a hankali, har ta wuce wurin da take maƙalewa.

Na manta abin da ke ƙarshen ɗaukar. Umma 'yar fari ce, Kaka ba ta taɓa kiran sunanta ba saboda kunya. Ana cikin waƙar sai Kaka ta katse a cikin wayar, ta ɗaga murya:

"Ke waccan, ba kya jin tukunyarki na ƙauri?"

"Na'am," in ji Umma, har ta yunƙura za ta tashi da jaririyar a hannu.

Ta koma ta zauna. Ta daɗe tana kallon wayar, hawaye na zuba a kan zanen 'yata. Sannan ta ce, "Mayar da ita farko. Wannan karon a cikin kaina zan ajiye ta."