Kan Jirgin Mista Pell a Motar Abdul-Mumuni

Abdul-Mumuni ya yi shekara ashirin da shida yana tuƙa bas a kudancin London kafin ya yi ritaya. A Zariya aka haife shi. Mahaifinsa mai zuba kwal ne a jirgin ƙasa, ya rasu ranar da tukunyar wani kan jirgi ta fashe a hanya, Abdul-Mumuni na da shekara shida. Ba ya ba da wannan labarin. Matarsa Mariatu ma sau ɗaya ta taɓa ji daga bakinsa.

Maƙwabcinsu a Catford wani tsohon Bature ne, Mista Pell, wanda ya ƙera ɗan ƙaramin kan jirgi da hannunsa a bayan gida. Jirgin bai kai tsawon gado ba, amma nauyinsa kilo casa'in, kuma da kwal da ruwa yake tafiya kamar na gaske. Da likita ya hana tsohon tuƙi, sai ya ƙwanƙwasa musu ƙofa neman taimako. Tun daga nan, duk Asabar Abdul-Mumuni ke kwantar da kujerun bayan motarsa, su jingina katako biyu, su tura kan jirgin ciki, su ɗaure shi da igiya huɗu. A hankali yake tuƙi, don in ya taka burki da ƙarfi ƙarfen nan zai iske su har gaba. A wani filin shaƙatawa suke sauke shi, inda tsofaffi ke da ɗan layin dogonsu. Shi kuwa Abdul-Mumuni a mota yake jira, gilashi a rufe, saboda warin hayaƙin.

Mista Pell ya mutu a watan Fabrairu. Bayan wata uku 'yarsa ta roƙi Abdul-Mumuni ya kai wa tsofaffin nan jirgin, ta bar musu. Tare suka loda, ya tafi shi kaɗai da hantsi.

Ya wuce Lewisham ke nan sai warin kwal mai ci ya cika motar, alhali rabon jirgin da wuta tun bara. Sai ya ji tari a bayansa, sau biyu, mai kauri. Ya tsaya gefen titi, ya buɗe baya, ya taɓa tukunyar. Sanyi ƙalau. Igiyoyin na nan daram. Ya daɗe a tsaye, motoci na wuce shi.

Da aka sauke jirgin, wani dattijo ya ce ya tsaya ya ga an hura masa wuta. Ya ce sauri yake yi.

A gida Mariatu ta dube shi.

"Lafiya, Malam? Ka yi parking a ƙofar mutane."

Ya zauna, ya kira yayarsa Ameera a Zariya.

"Yaya, da can Baba yana tari kuwa?"



"Kullum da asuba, sau biyu, kafin ya tashi alwala," in ji ta. "Kai da kake ƙarami lokacin, wa ya gaya maka?"