Garin Yuraniyom a Gwangwanin Madara

Jama'a, wallahi ni wannan abu ya faru da ni, ba a bakin wani na ji ba. Shekarun baya na yi aiki a wata ma'aikatar yuraniyom can arewacin Nijar, inda ake niƙa dutse a jiƙa shi da asid, mu kuma mu tace ruwan, mu zuba masa sinadari har wani gari rawaya ya kwanta, a busar a ɗura a durom. Garin nan guba ne, sai da safar hannu da takunkumi ake kusantarsa, amma da zan bar aiki ɗan banzan son burga ya sa na ɗebo kaɗan a gwangwanin madara, wai in nuna wa 'yan garinmu Kura abin da Turawa ke rububi a kai. Da na dawo gida na ɗora shi kan kantar ɗaki na manta.

Ranar da muke dashen shinkafa wajen Bunkure, rana tsaka, na duƙa bakin kwalbati ina sakin ruwa, sai ga wani tsoho da baƙin rawani tsaye a kaina, ko sallama babu.

Ya ce, "Kun jiƙa dutsenmu kun tatse, mun yi shiru. Na gwangwani kuma fa? Tashi maza, Binta za ta zuba shi a tukunya."

Innalillahi! Binta matata ce, kuma dafa-dukar 'yan dashe take yi. Ban san sanda na haye babur ba, takalmi ƙafa ɗaya. Ina isa gida na tarar ta buɗe gwangwanin, ga garin nan na gani da idona, cokali har ya doshi ciki.

Ta ce, "Malam, ashe garin kori gare ka ka ɓoye, kullum nake ta aike?"

Na fizge na rufe, na koma gona in miƙa wa mai abu abinsa. Tsoho babu shi. 'Yan dashe suka rantse ba su ga kowa ba, ni kaɗai suka hango ina gyaɗa wa kwalbati kai. Na buɗe gwangwani, wayam, tas kamar an wanke. Inda ya tsaya kuwa, tsakiyar caɓi, sawu biyu ne na busasshen yashi, na taɓa na ji shi da zafi.

Har yau Binta gorin rowar kori take min, ni kuwa ko gwangwanin madara na gani sai tsikar jikina ta tashi. Don Allah abin da kuka tarar a wurin aiki ku bar shi can, masu shi har sunan matanku sun sani.