Malam Sahabi Mai Walda da Tagwayen Jirginsa

Kafin ya rufe shagonsa, duk wanda ya saba bi ta layin masu walda a Gusau da hantsi ya san abin da zai tarar. Malam Sahabi zai iso bayan ya sha kununsa, ya jingine tsohon kekensa, ya share ƙofar shago da kansa, sannan ya yi bismillah ya tayar da janareto. Daga nan sai tartsatsi. Ƙofar gida, taga, garmar shanu, kurar ruwa, gadon ƙarfe da ya karye a ƙafa, ba ya raina aiki. Ba ya surutu in yana kan ƙarfe. Amma in la'asar ta yi, ya wanke hannu ya zauna a benci, to wanda ke sauri kada ya kuskura ya ambaci ruwa.

Abin dariyar shi ne, Malam Sahabi ɗan Tsafe ne, haifaffen gindin dutse, wanda ruwan da ya sani yana yaro bai wuce na rijiya ba. Yana saurayi ya bi motar shanu zuwa Kudu, ya maƙale a Fatakwal, a wata ma'aikata da ke ƙera jiragen ruwa masu gudu. Can ya koyi walda, can kuma son jirgi ya shiga jininsa. Ya dawo gida ya yi aure, ya yi furfura, son nan bai fita ba.

"Gudun jirgi ba ga inji yake ba, ga cikinai yake," haka yakan fara, yana lanƙwasa tafin hannu. "Wani cikinai kamar bakin gatari, shina tsaga ruwa, amma sai wuri mai zurhi. Wani shimhiɗe yake kamar faifai, in ya ɗau gudu sai ya hau bisa ruwa shina sulɓi."

Har akwai wani jirgin da ya ce yana da ƙafafu da fikafikai a ƙarƙashi, in ya zabura sai ya ɗaga jikinsa daga ruwa ɗungurungum. A nan ne abokan hira kan ƙyalƙyale. Wani ya taɓa ce masa, "Malam, jirgi da ƙahwa? Saura ka ce muna shina sa takalmi." Shi ma sai ya yi dariya, ya amsa cewa wannan kam a hoto ya gani. Suka laƙaba masa Kyaftin, ya karɓa. Jirgin da ya fi ƙauna dai shi ne tagwaye, wato sirara biyu da aka jera aka haɗa da dandamali a bisa. Siririn jiki ba ya jayayya da ruwa, shi ya sa yake gudu, kasancewarsu biyu kuma ya hana shi kifewa.

A tsakar gidansa akwai wani siririn jirgin ƙarfe da ya daɗe yana ƙerawa da ragowar ƙarafa, da niyyar wata rana ya sa masa inji ya tsaga ruwan dam ko sau ɗaya, mutanen Gusau su daina cewa tatsuniya yake. Shekaru suka yi ta tafiya, kajin matarsa Inna Asiya suka mayar da shi akurki.

Ana nan sai idonsa ya fara. Wutar walda ba ta barin bashi, kuma a zamaninsu wa ya damu da gilashi? Ya soma ganin hazo da rana tsaka. Likitan ido ya gaya masa ba ɓoye-ɓoye: in ya ajiye walda yanzu, ɗan ganin da ya rage zai kai shi tsufa, in ya ci gaba kuwa, shi ma zai tafi. Ya dawo gida ya yarda zai bari. Inna Asiya ta naɗe wayar walda ta tura ƙarƙashin gadonta, don ta san mijinta.

A ƙarshen daminar bara ne wani abu ya faru a wani mashigi can bayan Bungudu, inda wani dattijo mai suna Manu ke fito da mutanen ƙauyukan hayi in gulbi ya kawo. Jirgin Manu na katako ne mai faɗi, ba shi da laifi. Laifin na zama ne, in ma laifi za a kira shi. Mutanenmu ba sa cakuɗa a jirgi. Maza gefe guda da buhunansu da baburansu, mata gefe guda a takure. Manu ya yi shekaru yana roƙon a gauraya don nauyi ya daidaita, amma wane magidanci ne zai zauna cinya da cinya da surukarsa? Ran kasuwa maza suka fi yawa, jirgi ya karkace, ana dab da gaci suka miƙe gaba ɗaya, ya juye. Aka tsamo kowa da rai, ban da wata mai daddawa da ake kira Sadiya.

Bayan sadakar arba'in Manu ya zo Gusau neman Kyaftin, don ya ji labarinsa a tasha. Suka zauna a zaure.

"Malam, na yi magana har na gaji," in ji Manu. "Ba su cakuɗawa. Mata kuwa sun rantse ba su ƙara shiga ruwa. Mai haihuwa in ta matsa da damana, ina za mu kai ta?"

Malam Sahabi ya ce, "Kak ka sake ce musu su cakuɗa. Kunya ba abin yadawa ba ta. Jirgin za a gyara, ba mutanen ba."

Ya ja shi tsakar gida, ya kore kaji, ya nuna masa siririn nan. Ya ce in aka yi masa ɗan'uwa daidai da shi, aka jera su da tazara aka shimfiɗa dandamali, maza su hau nasu, mata su hau nasu, kaya da babura a tsakiya. Ko gefe ɗaya ya fi nauyi, jirgin da ke ƙarƙashinsa zai ɗauka. Dabarar da masu manyan jirage suka yi don gudu, shi ya ga za ta yi wa surukai.

Inna Asiya tana ji daga madafa. Da baƙo ya tafi ta fito, ba ta ɗaga murya ba.

"Malam, ka manta abin da likita yac ce? Ga masu walda nan cike da layi."

"Su yi dandamali, su yi kujeru. Amma ɗunkin da ka zama cikin ruwa, ni ka yi nai. Ƙohwa in ta ɓalle a sake ta. Jirgi in ya ɓalle sai jana'iza."

"In ka makance wa ka jan ka?"

"Ke mana," ya ce.

Ba ta yi dariya ba. Ta kwana biyu ba ta tanka masa sai gaisuwa, kuma gaskiya tana wurinta, don ita za ta zauna da abin da zai biyo. Rannan da hantsi sai ta jawo wayar daga ƙarƙashin gado ta ajiye masa a ƙofar ɗaki. Ta ce ita ma uwa ce, ta san naƙuda ba ta jiran gulbi ya janye.

Rani guda ya yi yana aikin. Mutanen hayi suka kawo ƙarfe, maƙwabtansa masu walda suka yi na sama, suna kuma tsaye a kansa suna ɗaukar hannu. Waɗanda suka gani sun ce yakan shafa tsohon jirgin da tafin hannu, ya juya ya shafa sabon, ya buga guduma, ya sake shafawa, har lanƙwasar ta zo ɗaya. Kullum hazon yana ƙaruwa. Kafin ya rufe ɗinkin ƙarshe, sai an ɗora masa hannu a kan layin.

Malam Sahabi, kai ne ka san farashin tun kafin ka taya, ka kuma saya. Kai ne ka ba da jirgin da ka yi wa kanka don burga, aka sa masa ƙaramin inji yana tafiya kamar jakin kaya, ba ka ce uffan ba. Ba ka tsaya yi wa mutane wa'azi a kan ɗabi'arsu ba, ka auna su yadda suke ka yi musu abin hawa. Wannan ya taɓa mana zuciya ƙwarai, kuma ba ma jin kunyar faɗa.

Da gulbi ya kawo bana, aka ɗauko shi a mota zuwa mashigi ran kasuwa. Inna Asiya ta riƙe hannunsa ta zaunar da shi a inuwa. Mata suka yi cirko-cirko a hayi, har wata tsohuwa mai nono ta aza ƙwaryarta a tsakiyar dandamali ta hau, sauran suka bi. Maza suka cika nasu gefen, sun ninka matan kamar kullum. Manu ya tayar da inji.

Malam Sahabi ya juya fuskarsa wajen ƙarar. "Asiya, ya karkace?"

"Bai karkace ba."

"Duba da kyau."

Ta jira har jirgin ya taɓa gaci, mazan suka miƙe gaba ɗaya yadda suka saba. "Malam, ko nonon bai zuba ba."

Ya ce alhamdulillahi, ya sunkuyar da kai.

Mun gode, Kyaftin. Mun gode, Inna Asiya, don rabin sadakar nan taki ce. Allah ya haskaka muku inda haske ba ya ƙarewa. Masu sana'a kuma, kowa ya duba abin da ya iya, ya tambayi kansa wa zai amfana da shi a unguwarsu, ya kuma sa gilashinsa in zai kama wuta.

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Malam Sahabi bai taɓa ganin jirginsa a kan ruwa ba, kuma ba zai gani ba. Labari ake kawo masa, cewa an ƙetare da mai naƙuda, an ƙetare da amarya, kowa ya sauka lafiya. Ya ce wannan ya ishe shi.