Littattafan da Na Karanta wa Malam

Daga tsakiyar bazarar bana zuwa yanzu da ake girbin dawa, littafi huɗu na karanta, kuma babu ko ɗaya da na karanta don kaina. Duka maƙwabcina na karanta wa, da babbar murya, akasari a gindin dogon yaron da ke tsakar gidan da muke haya a Gidan Igwai.

Shi ya koya mini karatun boko a aji ɗaya. Mutumin ƙasar duwatsu ne, can kudu da mu, Kirista, ya zo Sakkwato tun yana saurayi, ya koyar har ya zama hedimasta. Kowa Malam yake ce masa, matarsa kuma Mama. Da soja suka shiga sallamar ma'aikata ta rediyo, sunansa na ciki. Ya ba ni labari cewa yana tsaye a filin makaranta yana duba shara, sai mai gadi ya matso da rediyonsa a kunne, ya tsaya yana kallonsa. Dalilin da aka bayar shi ne raunin lafiya, kuma ba ƙarya aka yi ba, don idonsa ya daɗe yana dushewa. Bayan mako biyu aka ce ya tashi daga gidan makaranta. Haka wata rana na dawo daga ofishinmu na Sama Road, inda nake buga tafireta, na tarar ana sauke kaya a ɗaki biyun da ke fuskantar nawa. Na durƙusa na gaishe shi. Bai gane fuskata ba, amma da na faɗi sunan mahaifina sai ya yi dariya ya ce, "Mai rubutu da hagu! Ka daina, ko har yanzu?"

Na ce, "Kun hana ni, Malam, na daina."

Ya ce, "Da na sani da na bar ka."

Cikin kayansu akwai akwatin ƙarfe da sai da mutum uku suka ɗauka. Littattafai ne. Kwana kaɗan bayan haka na gan shi da la'asar, ya kai wani littafi har kan hancinsa, yana juya shi ta wajen haske. Ya daɗe a haka, sannan ya rufe ya ajiye a cinya. Na fito da alwalata ban ko bushe ba, na ce ko zan karanta masa shafi ɗaya. Ya ce, "Shafi ɗaya ba ya isar kowa, ɗana. Je ka yi sallarka, ka ɗauko kujera."

Na farko labarin wasu matafiya ne da jirginsu na ruwa ya maƙale a ƙasar ƙanƙara. Da Turanci yake, kuma Turancina na ofis ne, na wasiƙa da fayil. Ina karantawa gumi na zuba a kan takarda, ƙasa na huci kamar tanda, mu kuwa muna cikin mutanen da yatsunsu ke daskarewa. Mama na gefe tana yi masa fifita, lokaci lokaci ta ce, "Me suka ce?" Shi kuma ya mayar mata da Hausa, ya ƙara da nasa. In na karya kalma ba ya gyara mini nan take. Sai na kai ƙarshen layi ya maimaita ta a hankali, kamar da kansa yake magana. Ranar da matafiyan suka yanke shawarar harbe karnukansu, Mama ta ce ita kam ta gama da littafin nan, ta shige ɗaki. Washegari ita ta riga mu fitowa.

Na biyu ƙaramin littafin Hausa ne a kan itatuwa da amfaninsu. Na ɗauka zai yi mana gundura, ashe shi ne wanda muka fi jin daɗi. Malam ya yi ta gardama da marubucin kamar yana zaune tare da mu. Har matata, wadda ba ta cika zama in akwai maza ba, ta riƙa tsayawa a bakin madafa tana saurare, wani lokaci ta jefo magana cewa a garinsu ba haka ake kiran wannan icce ba. A cikin wannan littafi ne ya fara ba ni labarin ƙauyensu: gonakin acca a tsakanin duwatsu, ruwan da ke gangarowa da sanyi ko da rani, da shingen ƙerana da ke kewaye da kowane gida. Ya ce rabonsa da can shekara goma sha ɗaya. Na ce me ya hana shi komawa yanzu da ba aiki. Ya ce, "In koma in ga me? Gara in bar shi yadda na san shi."

Ruwan farko ya sauka muna cikin na uku, tarihin wani yaƙin Turawa. Ba mu gama shi ba. Mun kai wani wuri inda aka kawo wasiƙar da wani hafsa ya rubuta wa uwar yaron da aka kashe. Ina tsakiyar karantawa Malam ya ɗaga hannu. Bai mayar wa Mama da Hausa ba, ita kuma ba ta tambaya ba. Ta miƙe ta kwashe shanyarta, ko da yake ba ta bushe ba. Daga baya matata ta gaya mini cewa babban ɗansu ya shiga soja lokacin yaƙin basasa, bai dawo ba, kuma ba a kawo musu ko takalminsa ba. Washegari Malam ya ce in mayar da littafin can ƙasan akwati. Ba mu sake zancen ba.

Na huɗu shi ne mai kauri, labarin wa da ƙane da suka gaji injin niƙa daga mahaifinsu, suka ɓata a kan abin da bai kai ya kawo ba, suka shekara talatin ba sa ga maciji alhali katanga ɗaya ta raba gidajensu. Malam na bayan ƙanen, ni ina bayan wan, kullum sai mun yi musu kafin magariba ta raba mu. Mun kai kusan rabi sai na sayi babur.

A nan laifina yake, kuma ba zan ɓoye shi ba. Lokaci ne da gari ya cika da kuɗin mai. Ko'ina gini ake yi, motocin siminti na ta shigowa, a ofis kuwa takardun kwangila sun yi mana yawa har ana riƙe mu bayan tashi. Wannan gaskiya ne, amma ba shi ne dukan gaskiyar ba. Ko ranar da aka sallame mu da wuri, sai in bi abokai mu zaga gari, mu je kallon ƙwallo, mu tsaya wurin mai tsire, kowa na gwada ƙarar injinsa. In na shigo gida dab da magariba ina tura babur, sai in same shi zaune a gindin icce.

"Sannu da hutawa, Malam. Gobe in Allah ya yarda."

"Allah ya kai mu. 'Yan'uwan nan dai suna nan inda muka bar su."

Gobe ta zama mako, mako ya zama biyar. Wata rana matata ta ajiye mini tuwo, ba ta tashi ba kamar yadda ta saba. Ta ce, "Maigida, tsohon ga kullum in an yi la'asar sai ya sa Mama ta hiddo kujera biyu. In ya ji ƙarar babur ga titi sai ya gyara zama. Ni dai kunya ta ishe ni."

Na ce aiki ne ya yi yawa. Ta ce, "To," ta ɗauke kwanon miya ta ƙaro mini. Na yi niyyar zama da shi ranar Asabar.

Ranar Alhamis da safe, ina ɗaura agogo, na ji Mama na kiran sunana da wata irin murya. Na tarar da shi a ƙasa kusa da gado, bakinsa ya karkace, hannun dama ya saki. Wani maƙwabci mai motar a-kori-kura ya taimaka muka kai shi asibiti. Likita ya ce hawan jini ne ya shanye masa ɓarin jiki, sai dai a jira a gani. Magana ta ɗauke. Idonsa a buɗe, yana jin duk abin da ake faɗi, amma in ya yi ƙoƙarin amsawa sai wani gurnani ya fito, shi kansa ya ji haushi ya kawar da kai.

Kwana biyu ina zuwa ina tsayawa a ƙarshen gado kamar baƙo, in yi sannu in tafi. A rana ta uku Mama ta buɗe jakarta, ta fito da littafin daga ƙarƙashin kwanon abinci, ta miƙo mini. Tsinken tsintsiyar da muka sa alama yana nan inda yake.

Ta ce, "Na gwada karanta masa lokacin da ba ka samun zuwa. Turancina bai kai ba. Ya ce in bari, kada in ɓata masa mutane."

Ba ta faɗa da zargi ba, kuma da ta zarge ni da ya fi mini sauƙi. Na ja benci na zauna. Na buɗe inda tsinken yake, na fara karantawa.

Daga ranar ban sake fashi ba. In na tashi daga ofis sai asibiti. Ɗakin na da gadaje da yawa, ga warin magani, ga masu jinya da tabarmi da buta a ko'ina. Wani manomi da ke gadon kusa, wanda ya zo daga ƙauye da ciwon ƙafa, ya ce shi ba ya jin ko kalma ɗaya amma kada in rage murya, tana sa shi mance zogi. Sai na ɗauki aikin da Malam yake yi wa Mama: in karanta shafi, in mayar da Hausa. Kafin mako ya ƙare, gado huɗu ke jiran labarin injin niƙa, kuma su ma sun rabu biyu, wasu na wa, wasu na ƙane.

Kusa da ƙarshe akwai babin da wan ya faɗi ciwo, yana kwance shi kaɗai, yana jin tarin ƙanensa ta bayan katanga, bai aika a kira shi ba. Idona ya riga bakina ganin abin da ke tafe. Na haɗa shafi uku na juya a tare, na ci gaba kamar ba komai. Sai na ji bugu. Malam ne ke dukan ƙarfen gado da hannun hagu. Na tsaya, ya tsaya. Na ci gaba, ya sake bugawa, da ƙarfi har ma'aikaciyar jinya ta leƙo.

Mama ta ce, "Ka tsallake wani wuri ne?"

Na ce, "Kaɗan."

Ta ce, "Koma. Ya karanta littafin nan tun kafin a haife ka. Ba ka iya yi masa wayo."

Na koma na karanta shafukan uku, ban bar ko layi ba. Hawaye na bin gefen idonsa zuwa kunne, Mama na sharewa da bakin zanenta. Da na kai ƙarshen babin ya miƙo hannun nan na hagu, ya lalubo nawa ya riƙe. Na ce, "Malam, ku yafe mini makonnin nan." Ya matse yatsuna. Ban san ko yafewar ce ba, ko cewa yake in yi shiru in ci gaba. Na ci gaba.

Mun gama littafin ranar wata Laraba. 'Yan'uwan ba su shirya ba, ƙanen ya zo ne bayan an rufe fuskar wansa. Manomin nan ya yi tsaki ya ce marubucin ba shi da imani. Na tambayi Malam ko in kawo wani daga akwati, ya girgiza kai. Kwana tara da suka biyo baya zama kawai nake yi kusa da shi, in ba shi labarin ofis da na unguwa.

Ya rasu da hantsi, ina ofis ina buga wasiƙa. Masinja ya zo ya ce ana nemana a waje, na fita na ga matata tsaye da mayafi, ita da ba ta taɓa zuwa wurin aikina ba. Na koma na rufe tafireta, na bi ta.

An binne shi a maƙabartar Kirista. Ban taɓa shiga ba sai ranar. Na yi zaton mu kaɗan ne za mu je daga unguwa, sai ga tsofaffin ɗalibansa sun cika wurin, masu rawani da masu kwat, har da wani mai kakin soja da ya tsaya can baya yana kuka kamar yaro. Mutanen cocinsu suka yi waƙoƙinsu da Hausa, mu kuma muka tsaya gefe hannu a harɗe har aka gama.

Bayan wata guda 'yarsu, wadda ke aikin jinya a can jiharsu, ta zo ta tafi da Mama. Mama ta ce in ɗauki akwatin duka, ba ta da mai karantawa. Na zaɓi littafi shida, sauran na kai makarantar da ya riƙe, sabon hedimasta ya karɓa ya ce za a nema musu kabad. A tasha, da ta hau mota, ta leƙo ta taga ta ce wa matata ta riƙa shayar da 'yar bishiyar lemun tsamin da ta dasa a bayan ɗaki, sai ta shekara uku kafin ta yi 'ya'ya. Motar ta tashi tana cikin bayanin yawan ruwan da za a zuba.

Shidan nan suna kan taga, ban buɗe ko ɗaya ba tukuna. Abin da nake karantawa yanzu littafin dokokin aiki ne, don an sa ni cikin masu jarrabawar ƙarin girma, kuma sai in kai ƙarshen shafi ban san abin da ya wuce ba. Ɗakin su Malam kuwa wani direban kamfanin gine-gine ya kama, shi da matarsa da jaririnsu. Sun shafe bangon da shuɗin fenti. Mutanen kirki ne, matata na zuwa taya matar wankan jego safe da yamma. Jarrabawar saura mako biyu.