Mero Mai Wankan Jego

A Kurmin Kogi, a shekarun nan na bayan samun mulkin kai, duk gidan da aka haihu sai an aika wa Mero. Ungozoma ta yanke cibi ta tafi abinta, sauran aikin har ranar arba'in na Mero ne. Ita ce mai wankan jego. Da sassafe za ka ga hayaƙi a bayan ɗaki, babbar tukunya tana tafarfasa, Mero ta ɗaure ƙugu da damin ganyen runhu a hannu. In ta gama fyaɗa wa mai jego ruwan zafi, sai ta kwantar da ita a gadon ƙasa wanda ake hura wuta a ƙarƙashinsa, ta dama mata kunun kanwa mai kauri. A hannun kakarta ta koya, can Janfalan inda aka haife ta. Abin da kakar ta fi nanata mata shi ne mai jego ba ta da abokin gaba kamar sanyi. In ya shiga jiki sai kumburi, daga kumburi sai kushewa.

Mijin Mero ya rasu da wuri. Ta yi haihuwa da yawa, amma ƙasa ta rufe su tun suna goye, autarta Luba ce kaɗai ta tsaya. Luba ta girma doguwa, mai yawan dariya, ta auri Zailani, wani mai noman rake a Kudan wanda ita da kanta ta ce shi take so.

Da cikinta na fari ya tsufa, ta dawo gida goyon ciki. Ta sauka lafiya a tsakiyar bazara, namiji. Mero ta yi wa 'ya'yan mutane wanka shekara da shekaru, yau ga tata. Ta tara itacen da ba ta taɓa tara wa kowa ba. Ta sayo kanwa mai kyau, tana jefawa ba awo.

"Inna, zafi ya yi yawa," in ji Luba, gumi na tsatsafo mata.

"Daure, 'yar nan. Gobe ke za ki gode mini."

Kafin arba'in ƙafafun Luba suka kumbura. Tari ya zo, numfashi ya gajarce, ba ta iya kwanciya sai a jingine. Mero ta ce sanyi ne ya sami kafa, ta ƙara wuta, ta ƙara kanwa.

Zailani ne ya jiyo labari a kasuwar Makarfi, cewa akwai wata farar mota ta likitoci da ke bin ƙauyuka tana neman mata masu kumburi bayan haihuwa. Ya zo ya durƙusa a bakin zaure, kansa a ƙasa, ya roƙi surukarsa ta bari a gwada. Motar ta zo da wata Baturiya likita, da wani malamin asibiti mutumin Ikara, Malam Iliyasu, wanda ke yi mata tafinta. Suka tafi da Luba Zariya. Da ta dawo kumburin ya sace, tana tafiya da ƙafarta, ga ƙwayoyin magani ƙulle a bakin zane.

Daga nan motar takan zo wata-wata. Malam Iliyasu ya yi wa Mero bayani a kan tabarma. Ya ce ciwon na zuciya ne, kuma irin wanda ba ya warkewa gaba ɗaya, sai dai a riƙa lallaɓa shi da magani. Ya ce wata ƙungiya ce a ƙasar waje ta ba da kuɗi, likitocin can da na nan suka haɗa kai don su gano abin da ya sa matan wannan yanki suka fi na ko'ina kamuwa da shi.

"Wato daga bayan teku aka ji labarin matanmu?" in ji Mero.

"Aka ji, Iya. Shi ya sa likita take so ki nuna mata aikinki."

Mero ta ji daɗi. Ta nuna musu komai, ba ta ɓoye ko ɗaya ba: yadda ake tafasa ruwa, yadda ake hura gado, yawan kanwar da ake jefawa. Likitar ta taɓa gadon ta janye hannu da sauri, suka yi dariya tare. Ta ɓantari kanwa ta tafi da ita. Ranar Mero ta cika musu ƙwarya da ƙwan zabi, ta yi ta ba maƙwabta labari cewa har Turawa sun zo koyo a wurinta.

An yi damina biyu a haka. Wata rana Malam Iliyasu ya zo shi kaɗai, suka gaisa da Mero, ya daɗe yana tambayar gida da gona kafin ya shiga magana. Ya ce wa'adin kuɗin ya cika, masu bayarwa sun juya ga wani aikin a wata ƙasar, likita ta koma gida, mota ba za ta ƙara zuwa ba. Mai son magani sai ya je Zariya da kansa.

"To, Allah ya saka musu. Sun gano abin da suka zo nema?"

"Iya, ba su tabbatar ba tukuna. Amma suna zaton kanwar nan tana tara ruwa a jiki, zafin gado da na wanka kuma suna gajiyar da zuciya."

Mero ta dube shi. "Kanwar da nake ba su?"

"Ba ke kaɗai ba ce, Iya. Ko'ina haka ake yi."

Ta raka shi bakin zaure kamar yadda ta saba, ta dawo ta zauna kusa da murhu har la'asar ta kusa wuce ta.

A lokacin Luba tana da ƙaramin ciki. Zailani ya yi iya yinsa, yakan hau keke zuwa bakin titi ya jira motar Zariya, wani lokaci ya samo maganin, wani lokaci a ce ya ƙare. Da Luba ta sauka, mace, Mero ta je Kudan da kanta. Ta ɗumama ruwa sama-sama, ta dama kunu ba kanwa, ta hana a hura gado. Dangin miji suka yi ca. Uwar Zailani ta ce tun da take ba ta taɓa ganin an bar mai jego a sanyi ba. Wannan duk Mero ta shanye. Abin da ya fi yi mata ciwo shi ne roƙon Luba.

"Inna, ki yi mini irin na kowa. Ina jin tsoro."

"Ni ma ina jin tsoro, 'yar nan," in ji Mero, amma ba ta hura wutar ba.

Zuciyar Luba ta riga ta gaji. Kumburi ya dawo, ya fi na da. Damina ta yi nisa, rafi ya cika ya yanke hanya. Luba ta cika da hantsi, a jingine a ƙirjin uwarta, jaririyar tana barci a gefe.

Ba a share makoki ba magana ta bazu, daga Kudan har Kurmin Kogi: Mero ta bi zancen Turawa ta hana 'yarta wanka, sanyi ya kashe ta. Ba wanda ya faɗa a gabanta, amma aike ya ɗauke. Wasu matan suka karɓi aikin, suka ci gaba kamar yadda aka gada. Mero ta ɗauko jikokinta biyu ta riƙe, tana kaɗi tana sayar da zare. In ta ji an haihu a maƙwabta takan shiga barka, ta raɗa wa mai jego ta rage kanwa. Wata ta ji, wata ta jira ta fita ta yi tsaki.

Bayan shekaru Malam Iliyasu ya biyo ta garin a kan babur, furfura ta fara fito masa. Ya gaya wa Mero an buga sakamakon binciken, likitoci a ƙasashe masu nisa sun karanta, yanzu a asibiti ana yi wa masu ciki gargaɗi.

"Madalla," in ji ta. Ta ajiye mazari. "Malam, abu ɗaya nake so ka gaya mini don Allah. Wankan farko ne ya kashe ta, ko rashin na biyu?"

"Iya, kwananta ne ya ƙare."

"Wannan na sani. Ba shi na tambaye ka ba."

Ya buɗe baki, ya rufe. Ba ta matsa masa ba. Ta tashi ta kawo masa ruwa, ta tambaye shi iyalinsa.

Mero ta rasu da kaka, shekarar da jikarta mace ta isa aure. Mata da yawa suka zo gaisuwa, mafi yawansu ita ta yi musu wankan fari.